Shirya Tsoho Kafin Aikin Fiɗa: Jawabi ga Ma'aikatan Lafiya da Masu Jinya

Iyayenmu masu gari da limamai, shugabannin cibiyoyin lafiya na CSI, ƴan'uwana ma'aikatan yaƙi da tamowa, ƴan sa-kai na ƙauyuka, da ku iyaye mata da kuke ɗauke da nauyin jinya a gidaje, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma gode muku da kuka bar ayyukanku kuka zo.

Batun da zan yi magana a kansa shi ne yadda ake shirya dattijo ko dattijuwa kafin a yi musu aikin fiɗa, domin su tashi da wuri, su koma gida da ƙafarsu. Wataƙila wani ya ce mene ne haɗin ma'aikacin abinci da ɗakin tiyata. Haɗin yana da ƙarfi. Likita ne ke yanka ya ɗinke, amma jikin majinyaci ne ke haɗe naman da aka yanka, kuma da abin da ya ci yake wannan aiki.

Waɗanda rajistarmu ba ta ƙidaya

Aikinmu na yau da kullum ya karkata ga yara ƴan wata 6 zuwa wata 59, da mata masu ciki da masu shayarwa. Haka ya kamata, domin su tamowa ta fi kashewa. Tun shekarar 2006 ƙasarmu ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 60 kuwa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Saboda ƙarancinsu, tsofaffi ba su cika shiga rajistarmu ba. Ba mu auna damtsensu, ba mu ɗora su bisa sikeli, kuma idan suka rame sai a ce tsufa ne.

Amma ku duba wace ce ke kawo mana yaro awo ranar da uwarsa ta tafi gona. Kaka ce. Wa ke riƙe da gida idan magidanta sun tafi ci-rani? Tsoho ne da tsohuwa. Idan tsohuwa ta kwanta wata uku bayan tiyatar da ya kamata ta warke cikin mako uku, jikokinta ne farkon waɗanda za mu gani a layin tamowa, domin kuɗin hatsi ya tafi magani, mai dafa abinci kuma tana zaman jinya. Don haka lafiyar tsoho tana cikin aikinmu.

Ayyukan da aka fi yi wa tsofaffinmu sanannu ne: gwaiwa da ƙaba, kumburin prostat mai tsare wa maza fitsari, yanar ido, maƙoƙo, saukowar mahaifa ga mata, karayar ƙugu, da ciwon daji. Ana yin su a manyan asibitocin Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa, da asibitin Galmi, da asibitocin gundumomi masu ɗakin fiɗa. Yawancinsu ba na gaggawa ba ne. Likita yakan duba mutum ya sa masa rana, mako biyu, wata ɗaya, wani lokaci fiye. Wannan tazara tsakanin ganin likita da ranar aiki ita ce nake so mu yi amfani da ita. A halin yanzu kwanakin jira ne kawai, ana neman kuɗi ana zullumi. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da tiyata ke yi wa jiki

Jiki yana ɗaukar tiyata a matsayin babban rauni, ko da gwani ne ya yi ta. Da zarar an yi yanka, jiki yana ƙara ƙona abinci, sukarin jini yana hawa, kuma yana neman furotin, wato sinadarin gina jiki, don ya ɗinke wurin ya kuma yaƙi ƙwayoyin cuta. A daidai wannan lokaci majinyaci ba ya iya cin abinci sosai. To daga ina jiki zai samo? Daga tsokarsa. Tsoka ita ce rumbun jiki. Mai rumbu cike yana ƙetare damina ko ta yi tsawo, wanda rumbunsa ya yi ƙasa tun bazara kuwa kowa ya san halin da zai shiga.

Tsoho yana zuwa da rumbu wanda ya riga ya ragu, domin tsokar ɗan Adam tana fara raguwa sannu a hankali tun bayan shekara 30, raguwar kuma tana ƙara sauri bayan 60. Kwanciya tana ƙara ta'azzara abin. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10 bisa gado, sai aka tarar sun yi asarar kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Waɗannan lafiyayyu ne masu cin abinci. Ku kwatanta da tsohon da ya zo a rame, aka yanka shi, ya kwanta mako biyu yana shan ruwan kunu.

Akwai kuma wani babban bincike da aka buga a 2018, wanda ya bi majinyata fiye da 11,000 a ƙasashen Afirka 25. Ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar yana samun matsala bayan tiyata, mafi yawa shigar ƙwayoyin cuta, kuma mafi yawan waɗanda suka rasu sun rasu ne a kwanakin da suka biyo baya, ba bisa teburin aiki ba. Wannan yana nuna mana inda haɗarin yake: mikin da ya ƙi haɗewa, ciwon huhu, gyambon kwanciya, gudan jini a jijiyar ƙafa, da ruɗewar hankali. Dukkansu sun fi kama ramamme marar ƙarfi, kuma dukkansu ana iya rage su da shiri.

Wannan fahimta ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1990 wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Danmak, Henrik Kehlet, ya nuna cewa majinyacin da ba a bar shi da doguwar yunwa ba, aka kashe masa zafi yadda ya kamata, aka tashe shi ya taka da wuri, yana saurin komawa gida. Mafi yawan abin da wannan hanya ke bukata ba na'ura ba ce. Abinci ne, da tafiya, da bayani.

Mataki na farko: a auna

Duk tsohon da aka sa wa ranar tiyata, ina roƙon a auna shi a CSI mafi kusa a makon farko. Kayan awon muna da su.

A ɗora shi bisa sikeli a rubuta. A tambaye shi, a tambayi iyalinsa: ya rame a watanni 6 da suka wuce? Asarar kashi 5 cikin 100 na nauyi alama ce ta tamowa, wato kilo 3 ga mai kilo 60. Idan ta wuce kashi 10 cikin 100, wato kilo 6, haɗarin babba ne. Yawancin tsofaffinmu ba su san nauyinsu na da ba, saboda haka a tambayi abin da suka sani: wando ya yi yawa? Zobe ko awarwaro yana zamewa? Zane yana ƙara zagaye?

A auna kaurin sha-raɓa, mutum yana zaune, a wurin da ta fi kauri. Ƙasa da santimita 31 yana nuna tsoka ta ragu. A lura da kumburin ƙafa, domin ruwa yana ɓoye rama, yana kuma ƙara nauyi na ƙarya bisa sikeli.

A zaunar da shi bisa kujera, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau 5 a jere. Idan ya ɗauki fiye da daƙiƙa 15, ko ya kasa sai da dafawa, ƙarfin ƙafafunsa ya yi ƙasa.

A duba bakinsa. Tsohon da ba shi da haƙora, ko yake da haƙori mai ciwo, ba zai ci nama da ƙuli-ƙuli ba ko an saya masa. A tambaye shi sau nawa yake ci a yini, da wa yake ci, kuma wa ke dafa masa. A gidaje da yawa tsohuwa tana karɓar kwanonta ta miƙa wa jikoki, ta ce ta ƙoshi. Idan ba a tambaya ba, ba za ta faɗa ba.

A ƙarshe a auna jini, da hawan jini, da sukari. A rubuta duk wannan a takarda guda, majinyaci ya kai wa likitan fiɗa. Ƙa'idar masana ita ce, wanda tamowarsa ta yi tsanani a ciyar da shi kwana 7 zuwa 14 kafin babban aiki, ko da za a ɗaga ranar. Likita ne ke yanke wannan hukunci, amma ba zai yanke shi ba idan ba mu ba shi alƙaluman ba.

Mataki na biyu: abinci

Tsoho mai lafiya yana bukatar giram 1 zuwa 1.2 na furotin ga kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai ciwo ko mai jiran tiyata yana bukatar giram 1.2 zuwa 1.5. Tsohuwa mai kilo 50 ke nan tana bukatar giram 60 zuwa 75 kullum. Mu ga ko ana samun wannan a kasuwar ƙauye.

Giram 100 na busasshen wake yana ba da kusan giram 23. Rabin lita na nono yana ba da kusan 16. Ƙwai ɗaya, na kaza ko na zabuwa, kusan 6. Ƙaramin tafi na gujiya, giram 30, kusan 7. Hatsi da kansa yana da kusan giram 10 cikin kowane 100, don haka mai cin giram 250 a tuwo da hura ya sami 25. Idan aka haɗa waɗannan an wuce 75, ba a sayi nama ba. Ga kuma awara, da cuku, da busasshen kifi, da fara, da riɗi, da garin ƙuli-ƙuli. Wake da hatsi idan suka haɗu suna cike wa juna abin da kowanne ya rasa.

Matsalar tsoho ba rashin abincin kaɗai ba ce, har da rashin sha'awa da ƙaramin ciki. Saboda haka ga abin da muke ba da shawara. A raba abinci sau 5 ko 6 a yini maimakon babban kwano sau biyu. A kaurara kunu da hura, domin hurar da aka tsinka da ruwa tana cika ciki ba ta gina jiki. A dama ta da nono na gaske. A zuba wa kunu garin wake soyayye, ko tunkuza, ko ƙwai, da cokali ɗaya na mai. Marar haƙora a daka masa kifi da ƙuli-ƙuli su zama gari a zuba a miya, a dafa wake ya yi laushi a murje shi. Miyar kuka, da zogale, da yakuwa, da kabewa kada su yanke. Mangwaro, gwanda, lemu, tumatir da garin ƴaƴan kuka suna ba da bitamin C, wanda miki ke bukata don ya haɗe. A tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita. Gujiyar da ta yi fumfuna a zubar.

Kuma a zauna tare da shi yana ci. Tsoho ya fi ci idan da mutum a kusa, kuma ta haka ne za a san kwanon cikinsa ya shiga.

A wasu gidaje ana hana mai miki ƙwai da gujiya da nono, wai suna sa shi ya yi mugunya. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya, kuma waɗannan abincin da ake hanawa su ne jiki ke gina sabon nama da su. Ina roƙon iyayenmu mata su taimaka mana wajen gyara wannan fahimta, domin maganarku ta fi tamu shiga.

Ruwa ma abinci ne. Ƙishirwar tsoho ba ta faɗa masa gaskiya, yana iya bushewa bai ji ƙishi ba, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Mace tana bukatar aƙalla lita 1.6 na abin sha a yini, namiji lita 2, a bazara kuma fiye da haka. Mai matsalar fitsari yakan rage shan ruwa don gudun wahala, wannan kuwa yana cutar da ƙoda.

Gargaɗi uku. Mai ciwon ƙoda ko ciwon zuciya ba a ƙara masa furotin ko ruwa sai da izinin likita. Wanda ya yi kwanaki da yawa kusan ba ya cin komai ba a cika shi da abinci rana ɗaya, ana farawa kaɗan-kaɗan ƙarƙashin kulawar asibiti, kamar yadda muke yi wa yara a CRENI, domin gaggawar ciyarwa tana iya taɓa zuciya. Sannan Plumpy'Nut da aka ba yaro maganin yaron ne, an ƙidaya shi daidai da nauyinsa. Kada a raba shi da kaka. Mu nema wa kaka nata.

Game da azumi, malamanmu suna nan, sun fi ni sanin sauƙin da addini ya yi wa marar lafiya. Ina roƙonsu su riƙa bayyana shi ga tsofaffi masu jiran tiyata, domin da yawa suna jin nauyin ajiye azumi ko da jikinsu ba ya ɗauka.

Mataki na uku: jini

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tana ɗaukar namiji a matsayin mai ƙarancin jini idan awonsa ya gaza giram 13, mace kuma idan ya gaza 12. Wanda ya shiga tiyata da ƙarancin jini ya fi bukatar ƙarin jini, ya fi jinkirin warkewa. Kun kuma san halin da ma'ajiyar jini ke shiga da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara.

Ƙwayoyin ƙarin jini suna aiki, amma suna bukatar makonni, don haka a fara da wuri. A gaya wa majinyaci za su baƙanta masa bayan gida, kada ya tsorata ya daina. Shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe, saboda haka a raba shi da abinci da ƙwayar da aƙalla awa ɗaya. Hanta, nama, kifi, wake da ganyaye suna taimakawa. Amma ƙarancin jini ga tsoho ba a tsaya ga ba da ƙwaya kawai. A nemi dalilinsa: tsutsar ciki, tsargiya, zazzaɓi, gyambon ciki, ko ciwon daji mai zubar da jini a ɓoye. Sannan tun kafin ranar aiki iyali su tanadi matasa biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su ba da jini idan an bukata.

Mataki na huɗu: motsi da numfashi

Idan aka sa wa tsoho ranar tiyata, ƴaƴansa sukan ce: Baba, ka kwanta ka huta. Niyyar mai kyau ce, amma sakamakon ba shi da kyau. Abincin da aka ci ba ya zama tsoka sai an motsa ta.

Sai dai in likita ya hana, tsoho ya yi tafiya minti 20 zuwa 30 kullum, da sanyin safiya ko bayan la'asar, da saurin da zai iya magana yana tafe. Wanda ba ya iyawa ya fara da minti 5, sau uku a yini, yana ƙarawa. Zuwa masallaci da ƙafa, zagaya gida, raka jika makaranta, duk suna cikin lissafi. Ya tashi ya zauna bisa kujera sau 10, safe da yamma. Ya dafa bango ya ɗaga dugadugansa. Mai gwaiwa ko ƙaba ya yi tafiya, amma kada ya ɗauki kaya mai nauyi ko ya ja guga. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe masa, ya tsaya a kai shi a duba.

A koya masa numfashi tun yana gida: ya ja iska ta hanci a hankali har ƙirji ya cika, ya riƙe daƙiƙa 3, ya sake ta baki. Sau 10 a jere, sau da yawa a yini. A koya masa yadda zai rungume matashi ko naɗaɗɗen zane bisa ciki idan zai yi tari. Bayan aiki zafi zai sa ya ji tsoron tari da dogon numfashi, majina ta taru a huhu, ciwo ya shiga. Abin da ya saba da shi tun a gida ba zai yi masa wuya bisa gadon asibiti ba.

Mataki na biyar: magunguna da abubuwan sabo

A tattara duk abin da tsoho ke sha a leda guda a kai wa likita: na asibiti, na ɗan tebur, na kasuwa, da saiwoyi da jiƙe-jiƙe. Ba don a kunyata kowa ba. Aspirin da wasu magungunan ciwon gaɓoɓi suna tsinka jini. Wasu saiwoyi suna taɓa hanta da ƙoda, ko su yi karo da allurar barci, shi ya sa likitoci ke son a dakatar da su mako biyu kafin aiki. Wanda ya saba da tramol ya faɗa, domin hakan yana canza yadda za a kashe masa zafi. Mai hawan jini da mai ciwon sukari su tambaya dalla-dalla wane magani za su sha da safiyar aiki, wane za su bari. Kada kowa ya tsayar da magani da ra'ayin kansa.

Hawan jini da sukari suna cikin manyan dalilan da ke sa a mayar da mutum gida ranar aiki, har a aikin yanar ido, bayan an kashe kuɗin mota daga ƙauye. A daidaita su tun da wuri. A rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. OMS ta ce kada gishiri ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

Taba tana rage iskar da ke isa ga miki, tana kuma cika huhu da majina. Barinta mako 4 kafin aiki yana rage matsala sosai, ko na kwanaki ne ma ya fi babu. Ta shaƙa da ta taunawa su ma a bar su.

Jajibiri da ranar aiki

A nan ne ake yawan wahalar da tsofaffi. Don tsoro, wasu iyalai suna hana majinyaci abinci tun kwana biyu kafin aiki. Ƙa'idar likitocin sa barci a duniya ita ce a daina cin abinci awa 6 kafin aiki, abinci mai maiƙo ko nama awa 8, ruwa garai kuwa ana iya sha har zuwa awa 2 kafin a shiga. Ku lura da kyau: hura, kunu, koko da nono abinci ne, ba ruwa ba ne. Dalilin hanin shi ne kada abin da ke ciki ya taso ya faɗa huhu lokacin da mutum ke barci. Akwai majinyatan da ake ba wata ƙa'ida dabam, misali mai toshewar hanji. Don haka umurnin likitan sa barci shi ne abin bi. Idan aka ɗaga aikin zuwa gobe, mai jinya ya tambaya nan take ko za a ba majinyaci abinci, kada ya kwana biyu da yunwa yana jira.

Ya yi wanka da sabulu da daddare ko da safe, ya goge bakinsa. Kada a kira wanzami ya aske wurin da za a yanka, domin aska tana barin ƙananan raunuka da ƙwayoyin cuta ke shiga. A bar wa asibiti.

Bayan aiki

Da zarar likita ya ba da izini a fara ba shi ruwa, sai kunu mai kauri, sai abinci. A ayyuka da yawa wannan izini yana zuwa cikin yinin farko. Haka nan a zaunar da shi, a tsayar da shi, a taka da shi tun ranar farko ko ta biyu idan an yarda. Tafiya ba ta kwance ɗinki. Wanda ba ya iya tashi a riƙa juya shi kowace awa 2, a motsa masa ƙafafu. Idan yana jin zafi ya faɗa. Dattawanmu suna ɗaukar shiru a matsayin jarunta, amma mai jin zafi ba ya ci, ba ya tari, ba ya tafiya.

Akwai wani abu da nake so kowane mai jinya ya sani. Tsoho yana iya ruɗewa bayan tiyata: ya kasa gane ƴaƴansa, ya yi sambatu, ya nemi fizge robar ƙarin ruwa, ko ya yi shiru yana ta barci ba kamar yadda aka san shi ba. Wasu sukan ce iska ce ta taɓa shi, su nemi fitar da shi daga asibiti. Wannan ruɗewa alama ce cewa wani abu yana damun jiki: bushewa, zazzaɓi, tsarewar fitsari, ƙarancin iska, zafi, ko wani magani. A sanar da ma'aikaci nan da nan. Mafi yawan lokaci tana wucewa idan an gano dalilin. Abin da ke rage ta kuwa yana hannun iyali: fuskar da ya sani a kusa da shi, tabaransa idan yana sawa, carbinsa, a riƙa gaya masa rana da wurin da yake, haske da rana, shiru da dare.

Bayan sallama a ci gaba da abincin nan da tafiyar nan wata biyu zuwa uku, a riƙa auna shi a CSI. Idan miki ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti, kada a shafa masa komai.

Inda ba a jira

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a jinkirta tiyata har tsoho ya yi ƙiba. Ƙabar da ta fito ta ƙi komawa, tana ciwo, ga amai, ciki ya kumbura, ta sa'o'i ce, a nemi mota ko da tsakar dare. Haka tsarewar fitsari gaba ɗaya, da karayar ƙugu. Ciwon daji ba ya jiran kaka ta yi, ana shiri ne cikin kwanakin da likita ya bayar. Aikin da ba na gaggawa ba kuwa, iyali suna iya shawara da likita a sa shi lokacin da rumbu ke da hatsi da wake, da hannun da zai yi jinya. Likita ne ke faɗin wanda zai iya jira.

Abin da nake roƙon kowa

Ƴan sa-kai, idan kuna zagayen gidaje awon yara, ku tambaya ko akwai tsohon da aka sa wa ranar tiyata, ku tura shi CSI. Shugabannin CSI, ku auna, ku rubuta, ku ba shi takardar ya tafi da ita. Ƙungiyoyin mata da ke nuna dahuwar kunun yara, kunun nan mai wake da gujiya shi ne tsoho ke bukata, ku koya wa surukai da jikoki. Masu gari da limamai, ku tunatar da ƴaƴan da ke ci-rani cewa idan za su aiko kuɗin aiki su haɗa da kuɗin tiya biyu ta wake da na nono. Iyali kuma su zaɓi mutum ɗaya tsayayye wanda zai raka majinyaci tun ganin likita na farko har sallama, shi ke jin bayani, shi ke riƙe takardu. A kuma yi wa tsohon bayani da kansa, da harshen da yake ji, a saurari abin da yake tsoro da abin da yake so. Jikinsa ne, kuma wanda ya fahimci dalili ya fi ba da haɗin kai.

Lafiya da kwana na hannun Allah, mu kuwa an ɗora mana yin abin da ke iyawarmu, kuma abin da na lissafa ba ya fi ƙarfin gida ko CSI. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Wanda ke da tambaya, ga fili.